Maganin Tansiyon na Memuna Mai Zabi

A takarda sunanta Memounatou, haka malamin makaranta ya rubuta shi da haruffan Faransanci har ya kusa cinye layi. Amma a Kpangalam in ka tambayi gidan Memounatou sai a tsaya ana kallonka. Ce Memuna mai zabi, kowa ya nuna maka ƙofar. Kakanninta fataken goro ne da suka yada zango a Sokodé suka manta da tashi. Ita an haife ta a Pagala, inda ubanta ke awon hatsi. Ta yi aji huɗu ta bari, ta yi tallar gyaɗa, ta yi ta sabulu, ta yi auren fari da wani mai gyaran rediyo, Salifou, wanda ya kwanta jinya ya rame ya rasu, dangi suka ce sammu ne. Da ta fita takaba ta koma Sokodé wurin dangin uwarta, ta kama sana'ar da ta ba ta suna.

Duk wata sai ta hau mota ta yi arewa da doya, ta sauka Dapaong, ta zaga Nano da ƙauyukan kusa ta sayo zabi, ta dawo da kwanduna suna ihu a saman mota. Tafiya ce ta wuni guda, mai karya ƙugu. Abokan kasuwarta sun daɗe suna mamakinta, don ko lokacin da zabi suka yi tsadar da ba a ganin riba, Memuna ba ta fasa. Wasu suka ce taurin kai ne, wasu suka ce ta ajiye wani a can.

Ta ajiye wani abu kam, amma ba mutum ba ne. A wata tafiya zazzaɓi ya kayar da ita a Dapaong, aka kai ta asibiti, aka ɗebi jini, aka kira ta wani ɗaki aka rufe ƙofa. A nan ta san abin da ya ci Salifou, cutar nan mai karya garkuwar jiki, wadda mutanen ƙasar ke ce wa sida idan sun rage murya. Aka ɗora ta kan magani, ƙwaya ɗaya kullum bayan isha'i. Maganin nan akwai shi a Sokodé, kyauta, babur ma ya kai ka. Sai dai kowa ya san ƙofar da ake karɓarsa, kuma mai sayar da lemo a bakin ƙofar 'yar unguwarsu ce, bakinta ba ya rufuwa ko da azumi. Memuna ta gwammace ƙugunta ya karye.

A tagar magani ta Dapaong akwai Tanti Zénabou, gajeriyar mace mai tabarau da waya biyu. Ita ke sa wa kowa ranar zuwa, randebu kamar yadda suke faɗa, ita ke buga waya in mutum ya makara, kuma tana faɗa kamar uwa. Hausarta ta kasuwar Dapaong ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne. Abu ɗaya ya haɗa su rigima tsawon shekaru. Memuna na son a maida ranarta Talata don ta haɗa da sayen zabi, ta huta da kwanan banza a tasha. Tanti Zénabou ta kafe a kan Alhamis.

"Talata ba naka ba ne," take cewa, ba ta ko ɗaga kai.

"To Laraba fa, Tanti?"

"Laraba ma ba naka ba ne."

Memuna takan fita tana ƙunƙuni, tana cewa ma'aikata in ba su wahalar da talaka ba abinci ba ya narke musu.

Da Latif mai gyaran babur ya zo neman aurenta, ta gaya masa gaskiya a bayan shagonsa, tana jiran ya tashi ya kakkaɓe wando. Bai tashi ba. Ya je shi ma aka gwada shi, aka ce lafiya lau yake, ya dawo ya aiko da goro. Bayan shi babu wanda ya sani a Sokodé. Da aka haifi Raihana aka gwada ta, ita ma lafiya. Tanti Zénabou ta riƙe jaririyar ta ce: "Ka ji ni da kyau. Muddin kana sha kullum, nono abinci ne. In ka yi wasa da magani, ciwon zai tashi ya bi nono ya shiga yaro." Wannan maganar ta zauna wa Memuna a ƙirji, ba ta taɓa tsallake rana ba.

Dabararta guda ce. Ba ta shiga mota da kwalbar asibiti, tun a Dapaong take juye ƙwayoyin cikin tsohuwar kwalbar maganin hawan jini, ta cusa auduga don kada su yi ƙara, ta jefar da ta asalin. A gida kowa ya san Maman Raihana tana da tansiyon, haka ake kiran hawan jini a can. Ciwo ne mai mutunci, har jaje ake yi maka.

Yanzu sai a san Kaka. Uwar Latif ce, amma duk layin Kaka suke ce mata, har waɗanda suka girme ta. Tana da wani gwangwanin biskit da take tara ragowar magani. Wanda ya warke ya kawo mata saura, wanda ya mutu 'ya'yansa su kawo mata saura, ita kuma ta raba wa mabukata. Karatun likitancinta launi ne: fari na ciwon kai, ja na ƙarin jini, mai kai biyu na duk abin da ya gagara. A wurinta hana maƙwabci magani daidai yake da hana shi ruwa. Memuna ta san halinta, shi ya sa kwalbarta ke ƙarƙashin zannuwa cikin akwati.

A shekarar 2017 Sokodé ta ɗauki zafi. Mutane suka fito kan titi suna neman canji, aka fara da waƙa da tafi, aka koma hayaƙi mai sa hawaye da ƙona tayoyi. Tanti Zénabou ta ga inda abin ya dosa, ta roƙi likita aka ba Memuna na wata biyu a zuwa ɗaya. Memuna ta dawo da kwalba biyu cike, hankalinta kwance.

Cikin Oktoba, wata safiya, gari ya kife. Harbi ta ko'ina, aka ce masu kaki sun shigo unguwanni. Maza suka tsallake katanga, Latif a cikinsu. Memuna ta goya Raihana, ta suri jakar hannunta inda take ajiye ɗan ƙullin ƙwayoyi na tafiya, ta bi mata suka yi daji. Ta ja hannun Kaka, Kaka ta fizge.

"Ƙafar da ba ta kai ni kasuwa ita za ta kai ni daji? Je ki, 'yar nan. Wanda zai dake ni ya zo ya same ni a tabarmata."

Haka layin ya koma na tsofaffi zalla. Su Memuna suka fake a bukkar wata gona, suna cin gasasshiyar doya, sauro na cin su. Da ƙullin ya rage ƙwaya ɗaya, ta ce ko ana ruwan wuta za ta koma gida. Wasu matan ma suka biyo ta, don an ce abin ya lafa.

Ta shigo da hantsi. Titi baƙi ƙirin da tokar taya, shaguna a rufe, zabinta biyu da suka rage suna yawo a kan rufi. A tsakar gida ta tarar da taro: tsofaffin layin sun kewaye Kaka, ana hira har da dariya. Ta gaishe su, ta sauke goyo, ta zauna tana maida numfashi.

Baba Alidu, tsohon mahauci, ya juyo gare ta. "Maman Raihana, kin rasa abin kallo. Wallahi duk saniyar da na taɓa yankawa ta zo mini a barci. Sun yi layi daga nan har masallaci. Kowacce ta gaishe ni ta wuce. Ba faɗa, gaisuwa kawai."

"Ni ɗaki ne ya riƙa juyawa," in ji Hajiya Ummusalma ta gidan kusa da famfo. "Na tashi alwala sai na ga ina tafiya kamar mashayi, a shekaruna. Gaz ɗin nan ne, hayaƙin da suka harba, an ce sabo aka kawo."

"Ni marigayi mijina na gani," Kaka ta ce, "yana tuƙa keke a kan ruwa, da rawaninsa."

Memuna ta yi dariya tare da su. Sai dariyar ta yanke. Ta san mafarkan nan. Ta san jirin nan. Haka ta yi fama da su a makonninta na farko da fara magani, har ta koma wurin Tanti Zénabou tana kuka tana cewa aljanu ne, aka ce mata zai wuce.

Kaka ta dafa gwiwarta cike da alfahari. "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Da ba don maganinki ba, da tansiyon ya kashe rabin layin nan. Harbi na tashi, zuciyar kowa na bugawa, gwangwanina kuma babu komai sai na tari. Sai na tuna da naki. Gida-gida na bi, na ce na Memuna ne, na Dapaong, mai kyau ne."

Ba ta san yadda ta kai ɗaki ba. Akwati a buɗe, zannuwa a ninke tsaf yadda Kaka ke ninki. Kwalba biyu, ta girgiza ta farko, ta girgiza ta biyu. Auduga kawai. Ta zauna a ƙasa daɓas, ta ɗora hannu a ka, ko kuka ya ƙi zuwa. A waje Raihana ta fara ƙananan kukan yunwa, nono ya amsa ya jiƙa mata riga, kuma a karon farko tun haihuwa ta ji tsoron jikinta.

Ta zagaya bayan ɗakin zabi ta buga wa Tanti Zénabou. Ta faɗa mata cikin raɗa.

"Ka ce me?" in ji Tanti. "Tsofaffi? Duka? Inna lillahi. Shekara nawa ina aikin nan, ban taɓa jin wannan ba."

"Za su mutu, Tanti?"

"Ba za su mutu ba. Su daina sha, su sha ruwa, jirin zai tafi. Kai ne matsala. Saura nawa?"

"Na yau kawai."

Zuwa Dapaong ba magana, an datse hanya, mota ba ta fita. Tanti Zénabou ta ce ta jira, za ta nemi abokiyar aikinta ta Sokodé a taimaka mata da na 'yan kwanaki. Memuna ta tsaya riƙe da waya, ta riga ta haƙura, ko mai lemo za ta yi shela da lasifika za ta shiga ƙofar nan. Waya ta yi ƙara, Tanti ce. Motar magani daga Lomé ba ta iso ba, abin da ke hannunsu suna gutsura wa mutanensu ne, sai dai ta jira, wataƙila mako.

"To in cire ta daga nono?"

"Ka ba shi me? Shago a rufe, yaro ko koko bai fara ba. Kar ka yanke nono, kar ka tsallake magani. Tsofaffi ba sa shanye abu, ɓoyewa suke. Je ka karɓo abin da ya rage a hannunsu."

Da azahar taro ya watse. Memuna ta sami Kaka a ɗaki ta durƙusa, ta ce don Allah a karɓo mata ragowar maganin. Kaka ta dube ta kamar ta zage ta.

"In ba mutum abu in koma in ce kawo? Ni? A layin nan? In hanya ta buɗe kya sayo wani. Tansiyon na kwana biyu ba ya kisa, kwanta ki huta."

"Kaka, ba na tansiyon ba ne."

"Na mene ne?"

Shekara shida tana ɗauke da kalmar, ta yi ta tafiyar wuni guda don kada ta faɗe ta a garin nan. Ta faɗe ta, a hankali, idonta a kan tabarma.

Carbi ya suɓuce daga hannun Kaka. Bakinta ya buɗe bai rufe ba. Ta kalli Memuna daga sama har ƙasa, mace mai ƙiba da haske, mai ɗaukar kwandon zabi ita kaɗai, ta rasa inda za ta ajiye maganar.

"Latif?"

"Ya sani tun kafin aure. Shi lafiyarsa lau."

"Yarinyar?"

"Lafiya, muddin ina sha. In na daina zai iya bin nono."

Kaka ta dafe ƙirji. "Su Alidu fa? Na sa musu ciwon ke nan? Ni ma na sha!"

"Magani ba ya sa ciwo, Kaka. Ba abin da zai same ku."

Tsohuwar ta juya ta kalli jaririyar da ke barci a gado, ta daɗe tana kallo. "Da hannuna," ta ce. "Na ɗebe abin da ke tsare jikata na bi gida-gida ina rabo, ana sa mini albarka." Sai kuma wani abu ya faɗo mata, ta zaro ido. "Kuma na ce naki ne. A kowane gida na faɗi sunanki."

Memuna ba ta kawo wannan a ranta ba sai yanzu. Masu gudu sun fara dawowa, kowace tsohuwa za ta kwance bakin zane ta nuna wa 'ya'yanta abin da ya cece ta. Ana buƙatar mutum ɗaya kawai da ya taɓa ganin ƙwayar. Ta ji kamar an yaye mata zane a tsakiyar kasuwa.

Kaka ta miƙe. Ta yafa mayafi, ta ɗauki ƙaramin kwano da sandarta. Matar da ta ce ƙafarta ba ta kai ta kasuwa, ta fita da la'asar sakaliya, ana jin harbi jefi-jefi daga can tsakiyar gari. Abin da take faɗa a ƙofofi gajere ne: maganin nan na Memuna, likita ya ce nata ne ita kaɗai, wanda ke da saura ya kawo.

Memuna ta zauna a bakin ƙofar ɗaki tana jira, tana lissafin inda za ta koma da zama idan magana ta fita. Pagala ko Dapaong. Ta ga kwandunan zabinta jingine da bango, ta ji haushinsu.

Rana ta yi ja kafin Kaka ta dawo. Ta shigo tana haki, ta zauna, ta ajiye kwanon tsakaninsu ba ta buɗe ba. Fuskarta ta mutumin da ya ga abin da ya fi ƙarfin bakinsa ce.

"Yawanci sun shanye," ta ce. "Alidu ma cewa ya yi in akwai ƙari yana so, yana jin daɗin ganin shanunsa."

Ta ɗaga murfin. A ƙasan kwano akwai 'yan ƙwayoyi da ba su kai a ƙirga ba, sun yi dauɗa, wata da jan goro, wata da warin taba. Waɗannan na tsofaffi ne. Amma a kansu akwai ƙulli uku. Ɗaya cikin farar leda, ɗaya cikin takardar sukari, ɗaya gidan ashana ne. Memuna ta kwance leda, ƙwayoyi ne tsaf, ba wanda ya taɓa su da hannun goro. Ta buɗe gidan ashana, cike. Na cikin takarda launinsu ya ɗan bambanta, amma girman ɗaya ne.

"Kaka, waɗannan fa?"

"Ba ni na ba da su ba. Gidan da na ba biyu, an dawo mini da wannan." Ta nuna ledar. "Wani gidan ina fita aka biyo ni zaure aka saka mini a kwano. Wani kuma hannu kawai na gani ta bayan labule."

"Wane gida? Wace ce?"

Kaka ta ɗago ta dube ta. "Ke da muke ci a kwano ɗaya, kin gaya mini naki?"

Memuna ta kalli katangar gidan, ta kalli ƙofar zaure. Layin nan gida goma sha ne, ta san kowa, ta san abin da kowa ke dafawa. Da su take ɗiban ruwa a famfo, da su ta kwana a bukkar gona. A can ma takan juya baya ta haɗiyi ƙwayarta a ɓoye, ba ta taɓa duba ko wata ta juya nata bayan ba.

Ta buga wa Tanti Zénabou. Tanti ta ce kada ta kai komai baki sai ta karanta mata abin da ke rubuce a jikin kowace ƙwaya. Da ajinta huɗu ta karanto haruffa da lambobi ɗaya bayan ɗaya. Na leda daidai. Na takarda ma daidai, kamfani ne daban, irinsa ake bayarwa a wasu garuruwan. Da ta karanto na gidan ashana, wayar ta yi shiru.

"Tanti?"

"Ina ji. Shi ma daidai ne, sha. Wanda ya ba ka ya rage wa kansa, in hanya ya buɗe ni zan cika masa."

"Ke za ki cika? Kin san mai shi ke nan?"

Memuna ta tuna tagar nan ta Dapaong, da tabarau, da kan da ba ya ɗagowa, da duk ƙunƙunin da ta yi a tasha tana kwanan banza.

"Tanti," ta ce a hankali, "Talata ta wace ce?"

"Ba naka ba ne," in ji Tanti Zénabou. "Laraba ma haka." Ta kashe wayar. Sai yanzu Memuna ta gane: raba musu rana ake yi, don kada 'yan layi ɗaya su haɗu a taga.

Memuna ta zauna da gidan ashana a tafin hannu har aka kira magariba, aka kira isha'i, ba ta motsa ba. Raihana ta farka ta tsala kuka. Kaka ce ta tashi, ta je randa da sandarta, ta ɗebo ruwa a moɗa, ta tsaya a kanta.

"Sha, 'yar nan," ta ce. "Yarinya na jira."